Guzurin Kumbo da Surukinta

Ke Balki, matso da wayar nan in gani da kyau, idona ba na da ba ne. To, na gani. Abinci ne cikin leda mai ƙyalli, wai da sanyi aka busar da shi ba da rana ba, in an zuba masa ruwan zafi sai ya tashi ya koma shinkafa da miya. Madalla. Wanda ya ƙago wanga abu ya yi tunani, ba za ni raina masa ba. Amma ku da kuke ta ƙyalƙyala dariya kuna cewa sana'ar kakarku ta mutu, wai yanzu kowa na iya shiga kanti ya cika buhu da taliyar leda da biskit ya aje don ranar wuya, ku gyara zama ku ji. Ni Kulu mai guzuri, tun ba a haifi uwayenku ba nake daka wa matafiya abin da za su ci a hanya, a nan Gangara. Sayen abincin ajiya ba shi da wuya, ko wa aka aika zai sayo. Sanin bakin da zai ci shi, da wurin da za a ci shi, nan aikin yake.

Aikin farko da Gwaggo Tumba ta ba ni shi ne gadin shanya. Ƙanwar babana ce, ita ta riƙe ni, a hannunta kuma na koyi sana'a. Na zo da zumuɗi ina jin taɓarya za a miƙo mani, sai ta miƙo mani kara ta ce in zauna bakin tabarma in kori kaji. Haka na yi ta korar kaji da awaki, ina juya gero da tafin hannu, ina jan tabarma duk inda rana ta koma. In na ce, “Gwaggo, ya bushe,” sai ta ɗauki ƙwaya guda ta sa a haƙori. In ta ji ƙas, sai ta wuce abinta. In ƙwayar ta lotsa, ba ta zagi, sai dai ta dube ni ta ce, “Kulu, wa kike so ki kashe?” Wallahi na fi son ta mare ni da ta yi mani wagga tambaya.

Ga yadda ake yi, tunda kun ce daka ne kawai. A surfa gero, a bakace, a wanke, a shanya har ya manta ya taɓa ganin ruwa. Sannan a ɗora busasshen kasko kan wuta marar harshe, ba mai ko ɗigo, a yi ta juyawa da mara har ƙamshi ya tashi, launi ya ɗan yi ja. In kika juya baya don ki amsa sallama, ya ƙone, kin yi asara. In kika sauke da wuri, ɗanye ne, zai murɗa wa mutum ciki a inda ba mai taimakonsa. Bayan ya huce a daka da 'yar citta, a tankaɗe, a sake dakan tsakin. Ko a nan Gwaggo ba ta yarda an gama ba. Sai ta ɗebi garin ta zuba cikin busasshen gora, ta toshe baki, ta aje a rana daga hantsi zuwa azahar. In ta buɗe ta zura yatsa ta ji gumi a wuyan goran, to kowa ya koma bakin kasko. Na ajiyar gida a tukunya ake zuba shi a liƙe baki da laka. Na hanya kuwa a burgami, wato jakar fatar akuya, don ba ta fashewa in jaki ya yi tutsu.

Masu zuwa wurinmu iri-iri ne. Akwai 'yan cin rani masu gangarawa kudu da an gama girbi, akwai fatake masu jakai da ke ƙetarawa wajen Maraɗi, akwai Filani in za su tashi da shanu. Na tuna wani falke mai ƙaton ciki da ya zo ya ce shi dakuwa yake so, mai maiƙo, a cika sukari, a cika barkono, don shi ba ya cin abu salam. Gwaggo ta tambaye shi tsawon tafiyar, ya faɗa. Ta ce, “Ba za ni yi maka ba.” Ya ce ai ba kyauta ya roƙa ba. Ta ce, “Mai yana juyawa a zafi, ya koma maƙaƙi. Sukari kiran tururuwa ne. Barkono kuwa ƙishirwa zai sa maka a inda rijiya ke nesa. In daɗi kake so ka ci a nan ka ƙoshi, in kana so ka isa ka bari in yi maka abin da na sani.” Ya yi fushi ya tafi wani gida aka yi masa yadda yake so. Da ya dawo, shi da bakinsa ya ba mu labarin yadda ya juye dakuwar a daji, ko jakinsa ya shinshina ya kau da kai. Daga ranar bai ƙara gaya wa Gwaggo yadda za ta yi aikinta ba.

Ba ta taɓa sa gero a turmi ba sai ta titsiye mai saye da tambaya. Akwai ruwa a hanyar? Za ku iya hura wuta, ko tafiyar ba ta tsayawa ba ce? Wa zai ci, yana da haƙora? Akwai mai ciki, akwai mai goyo? Ku auna kayan kantinku da wanga ma'auni ku gani. Taliyar leda tana son tukunya, tana son wuta, tana son ruwa. Biskit yana shiga ya bar maƙogwaro a bushe. Kifin gwangwani nauyi gare shi, in kuma an fasa sai a cinye nan take. Ita kanta ledar mai ƙyalli ta cikin wayar Balki, in ba ruwan zafi, mi za ki yi da ita, ki yi matashin kai? Duk waɗannan tambayoyi na gane amfaninsu tun ina yarinya. Guda ce ta ƙarshe na ɗauka tsufa ne kawai. Sai ta sunkuyo ta rage murya ta ce da mai saye, “A gaban wa za a ci?” Ni kuwa in juya baya in yi dariya. Abinci dai ba a gaban kowa ake cinsa ba?

Gwaggo ta rasu kafin babban farin ya zo, Allah ya jiƙanta, ba ta ga abin da muka gani ba. Lokacin ina gidan kakanku, turmina nawa, kaskona nawa. Ruwa ya sauko sau guda kamar da gaske, kowa ya fita ya yi shuka, daga nan sama ta ɗauke. Shuka ta fito ta ƙone. Aka sake, ta sake ƙonewa, har irin ya ƙare. Shekarar da ta gabace ta ma ba wani abin kirki aka samu ba, rumbuna dama rabi ne. Mata suka bazama daji ɗibar anza, ana jiƙa ta ana zubar da ruwa ana sakewa don ɗacin ya fita. Wasu har ƙarangiya suka sussuka. Awaki suka cinye ganye, suka koma ɓawon itace. In kin tsaya bayan gari kina hango mutum tun yana ɗan tsito, ba sabara ba geza da za ta kare shi. Sana'ata ta tsaya cik, don mai guzuri ba ta daka iska. Kwaki aka riƙa kawowa a mota daga kudu, ni kuwa bakina bai huta ba, ina ta gaya wa masu tafiya kada su ci shi a bushe su bi da ruwa kaɗan, kumbura yake yi a ciki. Abin da ya rage mani tukunya guda ce ta soyayyen gero a ƙarƙashin gado, liƙe da laka. Ƙa'idar Gwaggo ce, kowace kaka a liƙe guda a manta da ita.

Wata rana da hantsi aka yi sallama a ƙofar gida. Na leƙa na ga wani tsohon Bafillace, dogo, siriri, riƙe da igiyar jakai biyu. Can baya, nesa da shi, wata yarinya ce tsaye da goyo, ta ja mayafi har kan hanci. Ya ce sunansa Sambo, daga arewa suke, ƙetaren iyaka. Ɗansa Yero ya riga ya yi kudu da shanun da suka rage tun kafin matarsa ta haihu, yanzu shi ne zai kai masa ita da jinjirin. Matar tsohon ta rasu, ba wata mace a tafiyar, su biyu ne sai jaririn. Ya sauke burgami daga kan jaki ya aje a gabana.

Ya ce, “Bagobira, an ce ke kika san garin tafiya. Ɗanɗana wanga ki gaya mani, ko ya lalace ne.”

Na kwance bakin burgamin na lasa. Gari ne mai kyau, wadda ta yi shi ta san hannunta, ba gumi ba maƙaƙi. Na ce, “Baffa, garinka lafiya lau. Mi ka gani?”

Ya dubi ƙasa ya ce, “Ba ya raguwa.”

Sai a sannan na lura. Sun yi kwanaki a hanya, amma burgamin na nan kusan wuya, abin da aka taɓa ko mutum guda bai isa ba. Na ɗaga kai na dubi yarinyar. Tana tsaye tana ɗan layi, jaririn a bayanta yana wani kuka siriri kamar na ɗan mage. Na ce da tsohon ya zauna a zaure, na sa aka kai masa ruwa, na je na kama hannun yarinyar na ja ta har cikin ɗakina na saki labule.

Sunanta Kumbo. Da ta yaye mayafin na ga leɓɓanta sun tsattsage, idanu sun faɗa. Na kwance goyon da kaina. Yaro namiji, fata ta yi yaushi, maɗiga ta lotsa, yana buɗe baki ba hawaye. Na ce, “Ɗiyata, nono na zuwa?” Ta juya fuska ga bango. Ɗan fari ne, kun san Filani da ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane, ko da cikinta na ƙuna. Ban tsaya jiran amsa ba, na kai hannu na matsa da kaina. Ɗigo biyu suka fito da ƙyar. Na fasa laka a bakin tukunyar Gwaggo, ban ko yi shawara da kowa ba, na dama kunu tsararo na ba ta. Na riƙe ƙwaryar da hannuna ina janyewa, don in na sake mata za ta shanye a tashi guda ta amayar.

Da ta ɗan dawo hayyacinta na ce, “Ke kuwa mi ya hana ki ci, ga abinci a kan jaki?”

Can ta ce a hankali, “Inna, surukina ne.”

Wallahi sai na ji kamar Gwaggo ce ta sunkuyo ta yi mani raɗa a kunne. A gaban wa za a ci? Yarinyar ta yi mani bayani da guntuwar Hausarta. A wurinsu mace ba ta ci ba ta sha a gaban uban mijinta, ko motsin bakinta bai kamata ya gani ba. A shekarar lafiya wannan ba komai ba ne, in an ya da zango sai ta ɗauki ƙwaryarta ta zagaya bayan sabara ta dama ta sha. Bana ina sabarar? Fili ne fetal, duk inda ta tsuguna yana ganinta. Garin kuma sai da ƙwarya, sai da ruwa, sai an dama. Salkar ruwan tana rataye a jakin tsohon, sai ta je gabansa ta kwance. Takan saci lokacin da ya ta da salla ta dumbuzi gari ta watsa a baki, busasshe, ya shaƙe ta, ta danne tari don kada ya ji. Ruwa kuwa sai in sun iso rijiya ta fake cikin mata ta kurɓa.

Raina ya ɓaci, ba na ɓoye maku. Na fito fuu zuwa zaure da niyyar in wanke tsohon nan tas, in ce masa za su kashe yaro saboda kunya. Na buɗe baki na ce, “Baffa, yarinyar nan...” Sai ya ja rawani ya rufe bakinsa, ya kau da kai, ya ce, “Ban san zancen mata ba.” Na dubi ɗamararsa, na ga inda tsohon ƙullin yake da inda sabon ya koma. Ashe shi ma ba ci yake yi ba. Yana ganin ba ta ci, bakinsa ba zai iya ce mata ci ba, shi kuma ba zai zauna ya cika cikinsa mai goyo na kallo ba. Yakan dama kaɗan ya kurɓa, ya bar sauran a ƙwarya, ya tafi can wai duba ƙafar jaki, ya daɗe, ya dawo ya tarar da ƙwaryar yadda ya bar ta. Ya san sarai garin bai lalace ba. Ya rasa yadda zai faɗa ne, shi ya sa ya kawo wa mace burgami. Tausayinsa ya kama ni, na haɗiye maganata. In na fasa zancen a fili, kunya za ta sa ya kwance jakansa su tafi a ranar, yaron kuwa ba zai kai ko garin Isa ba.

Na ce, “Baffa, jaririn ba shi da lafiya, nonon uwar ne ya yi ciwo. Za ni haɗa magani, sai kun ɗan dakata.” Ya ce, “To.” Kafaɗunsa suka sauka.

Zama a Gangara ba zai fisshe su ba, mu kanmu anza muke ci. Madara tana kudu wurin shanu, dole su isa. Abin da nake nema shi ne abincin da ba ya son ƙwarya, ba ya son wuta, ba ya son damu, ba ya ko son tauna. Ban taɓa yin irinsa ba. Na ɗebi geron tukunya na kai kan dutsen niƙa, na niƙa na sake niƙawa, na tace da ƙyalle maimakon rariya, har ya yi laushi kamar kwalli. Ina da ɗan cuku, busasshen nonon nan da Buzaye ke kawowa, na daka shi ya zama gari. Na sami ƙuli-ƙuli wanda aka matse mansa sarai na ƙara. Sukari babu, sai na daka busasshiyar magarya don zaƙi. Gishiri ɗan taɓawa, barkono ko ƙwaya. Na jiƙa tsamiya kaɗan na yayyafa, don ta haɗe garin, kuma tsami yana tsinka yawu a bakin da ya bushe. Na mulmula ƙanana-ƙanana kamar 'ya'yan magarya, na hau da su kan rufi na lulluɓe da ƙyalle. Rana dai a shekarar ba a roƙonta, kafin la'asar sun yi ƙarau.

Zubin farko ya yi tauri, sai an sa haƙori. Na mayar turmi na rage ƙuli na sake. Na biyu na jefa guda a kumatu na fita na shiga gidan maƙwabciyata Hassi, wadda ko ƙuda ya gifta sai ta san inda za shi. Muka gaisa, muka yi zancen rijiya, muka yi zancen tsadar kwaki, abin na narkewa a bakina ina haɗiyewa. Na ƙara jefa wani da na yi kamar ina gyara kallabi. Har na yi mata sallama Hassi ba ta ce mi kike ci ba. Na ce to, abin da ya wuce idon Hassi ya wuce idon kowa.

Na ɗinka 'yar jaka a cikin majanyin goyo, daidai inda ƙullin ke zama a ƙirji, inda hannun mai goyo ke zuwa kullum ba wanda zai ce don mi. Na cika ta, sauran na ƙulle a tsumma na sa cikin kayan jaririn. Na nemo ƙaramin gora na ɗaura masa igiya, na ce wanga na ruwan magani ne, a jikinta zai zauna, a kowace rijiya a fara cika shi. A kwanakin da suka yi wurina ina ta ɗura mata kunu a bayan labule, nonon ya fara dawowa kaɗan-kaɗan, yaron ya samu ya kama.

Ranar tafiya na tsaya a tsakar gida na ɗaga murya yadda na zaure zai ji, ina fuskantar Kumbo. Na ce, “Ki ji da kyau. Wanga maganin nono ne. Kowace salla cikin tafin hannu guda, ki tsotsa ɗaya bayan ɗaya, ki bi da ruwan gora. In kika tsallake ko sau guda, kan yaron zai koma. Magani ba shi da suruki, ko gaban wa aka ce a sha, sha ake yi.” Ta sunkuyar da kai ta ce, “To, Inna.” Ku ce na yi ƙarya in kuna so. Ni dai na san ciwo na gani, kuma abin da ke warkar da shi na ba ta.

Sun fita har sun kai bakin hanya, sai tsohon ya tsaya yana ta gyaran igiyar da ba abin da ya same ta. Na matsa kusa. Bai dube ni ba, ya ce ƙasa-ƙasa, “Bagobira, maganin nan, in tsoho ya sha yana yi masa illa?”

Na zaro ƙullin da na riga na tanada a bakin zanena na miƙa masa. Na ce, “Wancan na mata ne, Baffa. Ga naka, na ciwon gwiwa. Ƙa'idarsu guda, kowace salla.” Turmi guda suka fito, kasko guda. Ya karɓa da hannu biyu ya cusa a aljihu, ya ce, “Aradu gwiwar na damuna.” Suka kama hanya, shi a gaba da jakai, ita can baya.

Daga nan shiru. Sun ce ta garin Turba za su bi su faɗa Bafarawa, sannan su yi kudu. Duk wanda ya dawo daga cin kasuwar can sai na tare shi da tambaya. Yawanci su ce Filani masu gudun fari sun fi a ƙirga, wa zai gane wasu. Sai wani mai sayar da igiya ya ce ya ga wani dogon tsoho da jakai biyu da mai goyo a bayansa, a hanyar Bafarawa. Ya ce, “Amma kamar kansa ya taɓu, da jaki na ji yana magana.” Na ce innalillahi, yunwa ta juya masa kai. In tsohon ya zube a daji, yarinya da jariri ina za su nufa? Abin ya daɗe yana cina. Tukunyar Gwaggo ta ƙare, muka koma anza da kwaki kamar kowa, har Allah ya kawo ruwa.

Sai da aka yi damina mai kyau, aka sake yin wata, shanu suka fara komowa arewa. Ina bakin kasko ina juya gero aka yi sallama, wata Bafillata ta shigo da ƙwarya a ka. Ta yi ƙiba, fuska ta cika, ban gane ta ba sai da ta durƙusa ta ce, “Inna.” Ta sauke ƙwaryar, kindirmo ne da curin man shanu a sama. Bayanta wani ɗan yaro ne riƙe da gefen zanenta, da ɗan tumbinsa da 'yar sandarsa, yana leƙen kajina. Ba ta dube shi ba, ba ta ce ga shi ba. Ni ma ban tambaya ba. Na bar kaskon a wuta na sure shi na rungume, ina kuka ina dariya, geron ranar ƙonewa ya yi ƙurmus.

Da muka natsu na ce, “Ina Baffa?”

Ta ce ya rasu a kudu, bayan sun isa da daɗewa, cikin shanunsa, ɗansa na kusa. Na yi masa addu'a. Sannan na ce an gaya mani kansa ya taɓu a hanya, wai har da jaki yake magana.

Ta rufe baki da mayafi, idanunta suka kawo ruwa. Ta ce, “Inna, lafiyarsa ƙalau. Ranar farko da azahar ta yi, na kai hannu ƙirji na kasa. Na ji kunya, ko da kin ce magani ne. Ya idar da salla ya zauna, ni ma ina zaune. Sai ya tashi ya je ya dafa wuyan jaki, ya ba ni baya, ya ce da ƙarfi, ‘Kai jaki, lokacin magani ya yi. Ni dai za ni sha nawa.’ Ya tsaya nan yana kallon gabas, bai juyo ba sai da ya ji na toshe bakin gora. Haka ya yi kowace salla har muka isa.”

Na ce, “Ya san ba magani ba ne?”

Ta ce, “Ya sani. Ni ma na sani. Bai taɓa ce mani ci ba, ban taɓa ce masa na gode ba. Da ciwon ajali ya kama shi, ni ke dama masa hura in aje a bakin bukka. Ranar ƙarshe ya ƙi sha. Sai na je wurin jakin nan, yana ɗaure kusa da bukkar, na dafa wuyansa na ce, ‘Kai jaki, lokacin magani ya yi.’ Na ji ya yi 'yar dariya daga ciki. Da na dawo ɗaukar ƙwaryar, ya sha.”

To, Balki, ga wayarki. Ki sayi ledarki mai ƙyalli in kin samu, ban hana ki ba. Amma ke da ko goro ba ki iya taunawa gaban uwar mijinki, in ranar wuya ta zo kuka kama hanya tare, a gaban wa za ki dama abincin? Ki share idonki ki tashi ki ɗauko mani kara, kaji sun hau shanya.